Fosta, lebul, takardar SDS, taron safe ko saƙon murya: wanne ne yake shiga kunnen lebura a sayit?

Wani ƙanina da ya samu ɗan aikin bene hawa biyu a bayan gari ya kira ni satin da ya wuce, wai masu aikin, wato waɗanda suka ba shi kwangilar, sun saka masa sharaɗi a takardar kwangila cewa dole ya nuna yadda zai sanar da ma'aikatansa haɗarin kemikal ɗin da za su taɓa, shi kuma kuɗin da ya ware wa wannan ɓangaren bai taka kara ya karya ba. Ya ce Yaya ya zan yi, in buga manyan fosta in manna a get ne, ko in biya wani ya haɗa min fayil na takardun SDS, wato takardun bayanin haɗarin kemikal da kamfanin kayan ke fitarwa, ko kawai in buɗe gurup a WhatsApp in dinga tura musu bayani? Na ce masa bari in zauna in rubuta maka a tsanake, dan duk hanyoyin nan na gwada su a shekarun da na yi ina kula da gini, wasu sun yi min rana wasu kuma kuɗi kawai suka ci, kuma na san ba kai kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Da farko mu daidaita abu ɗaya. Da yawanmu in aka ce kemikal hankalinmu yana tafiya kan asid ko maganin ƙwari, alhali kemikal mafi yawa a sayit shi ne wanda yara suke tattakawa da silifas kullum, wato siminti. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka mai ƙarfin gaske, a ma'aunin pH da ake auna irin wannan kaifin da shi yana kaiwa 12 zuwa 13, kuma mugun halinsa shi ne ba ya zafi lokacin da yake cin fata, sai bayan awanni yaro ya koma gida ya cire takalmi ya ga ƙafa ta saɓule. Sannan akwai sinadarin kromiyom a ciki mai jawo ƙaiƙayi da tsagewar hannu, wanda in ya kama mutum sau ɗaya toh ya zama abokin zama, shi ya sa Tarayyar Turai tun 2005 ta hana sayar da simintin da narkakken kromiyom ɗinsa ya wuce kashi 2 cikin miliyan. Bayan siminti ga ƙurar yankan tayil da dutse da bulo, ga tina da ake sirka fenti da ita da fentin mai, ga gam ɗin fayif da na kafet, ga kwalta, ga maganin gara da kafintoci ke shafa wa katakon rufi, ga asid ɗin wanke tayil, ga hayaƙin walda da na janareto, ga iskar cikin sokawe. Duk waɗannan a sayit ɗaya, wani lokacin ma a rana ɗaya.

Abu na biyu, wa kake so ya ji? Wannan ita ce tambayar da na ga ƴan kwangila ba sa yi wa kansu. Leburan da zai ɗauki kwano yau da safe wataƙila jiya yana wani sayit ɗin daban, wataƙila ma ɗan cirani ne da ya shigo gari bayan girbi, ya yi allo ya iya ajami tsaf amma boko ko sunansa ba ya rubutawa. Mai tayil ɗinka ko mai POP ɗan Togo ne ko Kwatano, Faransanci yake ji da ɗan guntun Hausa, falamba kuma sai da turancin kasuwa. Dan haka duk hanyar da za ka zaɓa ka auna ta da wannan: shin tana kaiwa ga wanda bai iya karatun turanci ba, tana kaiwa ga wanda yau ya fara zuwa, kuma tana nan a lokacin da abun ya faru ko tana kulle a ofis? Sai kuma kuɗinta, da ko tana barin shaidar da za ka nuna wa masu aiki.

Fosta ita ce kowa yake fara tunani, saboda ita ake gani. Masu aiki in sun zo dubawa suka ga babbar bana a get da hoton hular kwano da gilashi sai ransu ya yi fari, su ɗau hoto su tafi. Gaskiya ta wannan ɓangaren tana aiki, amma a wajen lebura kusan ba ta da wani amfani. Sati biyu rana da ƙura sun kashe kalarta, wata ɗaya an shanya riga a kai, kuma abun da ido ya saba gani kullum daina ganinsa yake. Ga shi yawanci daga intanet masu bugawa suke kwaso ta, turanci zalla, bayani goma sha biyar a shafi ɗaya. Inda kawai na ga ta yi amfani shi ne in ƙarama ce, magana ɗaya tak, kuma an kafa ta daidai inda haɗarin yake: a ƙofar sito an zana ashana an ja mata jan layi, a bakin ramin sokawe an rubuta “Kar ka shiga sai da izinin oga” da boko da ajami. Wallahi ranar da na sa wani almajiri a cikin leburorinmu ya rubuta min irin wannan da ajami a jikin katako, sai da mutane suka taru suna karantawa, abun da bana mai tsada ba ta taɓa samu ba.

Sai lebul, wato rubutu da hotunan da ke jikin galan ko bokiti daga kamfani. Wannan ya fi fosta nesa ba kusa ba dan yana bin kayan duk inda aka kai su, kuma kyauta ne, ka riga ka biya kuɗinsa lokacin da ka sayi kayan. Akwai tsari na duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2002 aka fara buga shi a 2003, ana ce masa GHS, shi ne ya kawo hotuna tara ɗin nan baƙaƙe a cikin farin akwati mai jan baki da aka tsayar a kan kusurwa. Harshen wuta na abu mai kamawa, harshen wuta a kan zobe na abun da ke ƙara wa wuta ƙarfi, bam mai tarwatsewa, tukunyar gas, ruwa yana ɗiga yana cin hannu da ƙarfe, ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, alamar motsin rai, mutum mai wani abu kamar tauraro a ƙirji, sai mataccen kifi a gindin busasshiyar bishiya. Kalmar gargaɗi kuma biyu ce kacal, “Danger” na mai tsanani, “Warning” na mai sauƙi-sauƙi, in kayan na ɓangaren Faransanci ne irin waɗanda ake samu a Maraɗi ko Yamai za ka ga “Danger” da “Attention”.

Toh amma kar ka ɗauka hoto yana bayyana kansa. Ka gwada da kanka, ka nuna wa leburori goma hotunan nan, wuta da ƙoƙon kai kowa zai gane, masu bincike na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ma abun da suka gano kenan, su biyun nan aka fi fahimta sauran kuma sai a hankali. Mutumin nan mai tauraro a ƙirji, wanda shi ne yake nufin cuta mai cin jiki a hankali kamar daji ko lalacewar huhu, ni da kunnena na ji wani ya ce alamar maganin ciwon ƙirji ce. Tukunyar gas wani ya ce kwalbar lemo ce a kwance. Kenan lebul ma sai an karantar da shi kafin ya yi magana.

Babbar matsalar lebul a wajenmu ma ba wannan ba ce, juye ce. Waye yake sayen tina a galan ɗinta na asali? Yaron mai fenti ake aika kasuwa a auno masa a gorar ruwa ko robar lemo, asid ɗin wanke tayil ma haka, maganin gara kuma a haɗa shi da baƙin mai a tsohon bokitin fenti. Lebul ɗin yana can shagon mai kaya. A wani sayit da na kula da shi shekarun baya, da zafin bazara wani yaro ya sauko daga sama a galabaice ya ga gorar ruwa a taga ya kafa kai, ashe tina ce, kurɓa ɗaya ya yi ya furzar amma wani ya riga ya wuce. Nan take wani ya ruga neman manja, wani ya tura masa yatsa a maƙogwaro wai ya amayar, ni kuma ina tsaye ban hana ba dan a lokacin ban san komai ba. Da muka je asibiti likita ya wanke mu tas, ya ce irin su tina da kananzir da fetur ba a sa mutum amai, dan wajen dawowa ne suke faɗawa huhu kuma can ne suke kisa. Allah ya sa yaron ya tashi. Tun daga ranar dokata ɗaya ce, ba a zuba wani kemikal a mazubin abun sha, duk abun da aka juye kuma sai an shafa wa robar jan fenti a wuya an rubuta sunansa da maka, in babu wannan zubarwa nake sa a yi ko na waye.

Kuma ka tuna akwai masu kisa da ba su da lebul kwata-kwata. Ƙurar silika da ke tashi in ana yanka tayil ko dutse da giranda a bushe ba a galan take zuwa ba, aikin ne yake haifar da ita, ƙwayoyin da suke shiga can cikin huhu sun fi yashi ƙanƙanta sau ɗari, ciwon da suke jawowa ba ya warkewa kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A Amurka ɗaruruwan leburori ne suka mutu da shi a aikin haƙa ramin Hawks Nest a farkon shekarun 1930, Ostireliya kuma a Yulin 2024 ta haramta dutsen haɗi da ake teburin kicin da shi gaba ɗaya saboda yadda yake kashe matasan masu yanka. Hayaƙin janareto a rufaffen ɗaki, gubar da ke ciki ba ta da wari ba ta da kala. Iskar sokawe tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma in ta yi yawa sai ta kashe hancin ka daina jin warin, kuma ta fi iska nauyi dan haka a ƙasan rami take kwanciya. Babu kamfanin da zai manna maka lebul a kan waɗannan.

Yanzu SDS, wadda ƙanina yake shirin biyan kuɗi a haɗa masa. Takarda ce da kamfanin da ya yi kayan yake fitarwa, sashe 16 a jere iri ɗaya a duk ƙasar da ke bin tsarin GHS. A bayani kam babu wadda ta kama ƙafarta, komai yana ciki. A ƙasashen da doka ta tsaya a kai, kamar Amurka da ta kafa dokar sanar da haɗarin kemikal a 1983 ta faɗaɗa ta zuwa wuraren gini a 1987 sannan ta daidaita ta da GHS a 2012, dole takardar ta kasance inda ma'aikaci zai iya ɗauka a lokacin aiki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 170 ta 1990 ma a kan ukun nan ta tsaya, lebul da takardar bayani da horaswa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, shafi takwas ko goma na turancin kimiyya, wani injiniyan ma sai ya sha ruwa kafin ya gama, balle mai kwaɓa. SDS ba ta lebura ba ce, taka ce kai oga da fomanka da mai sito. Kuma ba sai ka karance ta duka ba, ka duba sashe na 2 da ke faɗin haɗarin, na 4 taimakon gaggawa, na 7 yadda ake ajiyewa, na 8 kayan kariya. Waɗannan huɗun su ne za ka mayar Hausa da bakinka.

Shawarata a nan kar ka biya kowa. Manyan kamfanonin siminti da fenti da gam yawanci suna da ita a shafinsu na intanet ko wajen babban dilansu, ka sauke ka buga, ka tabbata sunan kayan da ke takardar shi ne daidai wanda ke sitonka, dan na sha ganin fayil mai kauri an cika shi da takardun kayan da ba a taɓa kawo su sayit ɗin ba. Ka ajiye kwafi a sito ba a but ɗin motarka ba, ka ɗauki hoton shafukan a wayar foman. Ranar da za ta biya ka ita ce ranar da aka kwashi wani zuwa asibiti likita ya ce me ya sha, ka miƙa masa takarda maimakon ka ce wani farin ruwa ne mai wari. In kuma mai kaya ya kasa gaya maka ko sunan abun da yake auna maka a gora, wannan ma amsa ce, ka canza shago.

Sai wadda ni na fi yarda da ita, taron safe. Minti biyar zuwa goma kafin a fara kwaɓa, kowa a tsaye, kai kuma galan ɗin da za a yi aiki da shi yau yana hannunka. Ba lacca ba, ba karanto takarda ba, magana ɗaya a rana. Yau za a zuba dakin, wato kankaren saman bene, toh maganar siminti ce kawai: wanda kwaɓi ya shiga masa takalmi ya tsaya ya cire ya wanke yanzu ba sai an tashi ba, wanda ya faɗa masa a ido ya zo ga durom nan a yi ta kwarara masa ruwa minti 20 cur ana duba agogo sannan asibiti, ba a murzawa. Gobe masu tayil za su wanke ƙasa, toh asid ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, kuma kar wanda ya kuskura ya haɗa shi da bilic wai dan ya fi fita, haɗin nan iskar kulorin yake tayarwa, a banɗaki mai ƙaramar taga kuwa sai dai a jawo mutum. In ka gama kar ka ce kun gane, kowa zai ce eh, ka nuna mutum ɗaya ka ce Malam in ya shiga idon abokinka me za ka fara yi? Amsarsa ce za ta nuna maka ko maganar ta zauna.

Dalilin da ya sa na ɗora ta a kan sauran shi ne ita kaɗai ce ake mayar maka da magana, kuma a nan ne za ka ji abubuwan da mutane suka riƙe a ka waɗanda babu fostar da za ta cire. Mai fenti zai ce maka ai shi in ya tashi yana shan madarar gwangwani ta wanke masa ƙirji, sai ka yi masa bayani madara ciki take zuwa shi kuma tururin tina huhu ya shiga daga nan ya bi jini, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Wani zai nuna maka takunkumin zamanin korona ya ce ai ya rufe hanci, alhali wannan ko ƙurar silika ba ya tarewa yadda ya kamata, takunkumin da ake ce wa N95 yana tare ƙura amma ba ya tare tururin fenti, shi sai mai gwangwanin gawayi a gefe. Wani da fetur yake wanke hannu kafin ya ci garau-garau. Akwai ma maganar gemu, wadda sai a baki ake iya yinta cikin mutunci, dan takunkumi mai matse fuska ba ya kamawa a kan cikakken gemu, ni ba na ce wa kowa ya aske, sai dai in canza masa aiki ranar feshi ko in sa a yanka da ruwa yadda ƙurar ma ba za ta tashi ba. Wanda kuma ya ce ai in kwana ya ƙare ya ƙare, ina tuna masa hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi musu da wannan ba. Ka ga ko alwalar azahar da la'asar dama ce, in ka ajiye sabulu da ruwa mai kyau a wurin an wanke siminti daga hannu sau biyu kenan ba tare da ka yi faɗa da kowa ba, sai dai ka sa ido kar a mayar da robar kemikal buta.

Amma ita ma tana da nata. Ƙarfinta ya dogara da mai yin maganar, in foman ɗinka shi kansa ya yarda da madara toh ka ba shi lasifikar yaɗa kuskure kenan, shi ya sa dole kai ka fara zama da shi da takardar SDS. Ranar da aka fi buƙatarta, ranar dakin, ita ce ranar da kowa yake sauri, mai mikisa yana ƙirga awa, an ɗebo sababbin leburori talatin daga bakin titi, sai a ce bari yau dai a wuce. Wanda ya makara bai ji ba. Kuma magana iska ce, ba ta barin shaida, dan haka ka sayi littafi mai layi na ƴan makaranta, kwanan wata, abun da aka yi magana a kai, sunaye da sa hannu ko dangwale, a ɗau hoto ɗaya. Wannan littafin ya fi bana ƙarfi a gaban masu aiki, kuma in abu ya kai ga neman diyya a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, wadda mai ɗaukar ma'aikata ke biyan kwatankwacin kashi 1 cikin ɗari na albashinsu, za ka gode wa Allah da ka ajiye shi.

Saƙon murya na WhatsApp kuwa ɗan rakiya ne. Kyawunsa ba ya buƙatar karatu, ana iya sake saurara, kana iya sa ogan masu tayil ya yi nasa da Faransanci, kuma kusan kyauta ne. Yana aiki sosai tsakaninka da shugabannin sana'a, ogan masu fenti, ogan kafintoci, falamba, ka tura musu da daddare cewa gobe za a yi kaza ku zo da kaza. Amma leburan yini da yawa ƴar ƙaramar waya mai tocila ce a aljihunsu, wanda ke da babba ba data, kuma gurup ɗin sayit kwana uku ya koma na barka da Juma'a da rigimar siyasa da cigiyar shebur, saƙonka ya nutse. Alamar shuɗi ba ta nufin an fahimta. In za ka yi kar ya wuce minti ɗaya, ka haɗa da hoton ainihin galan ɗin, ka kulle gurup ɗin ya zama kai da foman kaɗai ke turawa.

Toh wanne za ka ɗauka? In ginin gida ne na mutum goma zuwa ashirin, kai ne injiniya kai ne mai sito, taron safe da dokar jan fenti a wuyan roba sun ishe ka, ka ƙara da SDS na abubuwa biyar ko shida da ka fi amfani da su a cikin wayarka, fosta ka bar ta. In irin na ƙanina ne, bene da ƴan sana'a kala-kala da masu aiki masu son ganin takarda, toh taron safe da littafin dangwale su ne ginshiƙi, fayil ɗin SDS a sito, ƙananan alluna uku ko huɗu a inda haɗarin yake, saƙon murya ga ogannin sana'a. Babban kamfani mai jami'in kariya dama duka zai yi, nasa kuskuren shi ne yin taron da turanci a gaban mutanen da kashi uku cikin huɗunsu gyaɗa kai kawai suke. Akwai kuma ayyuka biyu da ban yarda a dogara da allo ko waya ba ko da wasa, shiga sokawe ko tanki, da rushe tsohon gida mai silin ko kwanon asbesto. Na farko saboda sau da yawa ba mutum ɗaya yake ɗauka ba, mutum na biyu ya shiga ceton wanda ya faɗi na uku ya bi su, dan haka sai ka tsaya da ƙafarka a bakin ramin ka faɗa wa kowa ido da ido cewa in wani ya faɗi a ciki ba mai bin sa ba igiya ba kayan numfashi. Na biyun kuma saboda ƙurarsa sai bayan shekara 20 zuwa 40 take nuna kanta, babu wanda zai ji tsoron abun da ba ya ko sa tari yau, sai ka tsaya a kansu an jiƙa an cire shi ɗai-ɗai ba a fasa ba a share a bushe.

Kuma dan Allah kar ka tara mutane ka ce su sa safar hannu alhali ba ka saya ba, ko ka ce a wanke ido minti 20 alhali ruwan da ke sayit na kwaɓi ne mai datti a rami. Sau biyu za ka yi haka su daina sauraronka gaba ɗaya, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa da ƙanina ya gaya min adadin kuɗin da ya ware, na ce ya cire na bana da na mai haɗa fayil, ya sayi durom mai murfi da famfo na ruwa mai tsabta, takalman roba dogaye na masu kwaɓa, safar hannu ta roba ba ta yadi ba dan ta yadi jiƙewa take ta riƙe simintin a fata, gilashin ido na masu giranda, ƙaramin gwangwanin jan fenti, maka biyu da littafi ɗaya, ragowar ya buga SDS da ƙananan alluna. Shekaranjiya ya turo min hoton taronsu na farko, yana riƙe da buhun siminti yana bayani, sai na hango gorar ruwa a kan bulo a bayansa da wani abu ruwan ɗorawa a ciki, na kira shi na ce je ka shinshina wancan tukuna.